Kwana Sha Tara

Rumfata na bakin babbar kasuwar Garwa,
tsakanin mai ɗinkin takalmi da mai kifin Lagdo.
Nan Baba Tanimu ya same ni da hantsi,
ya zaro waya daga aljihun gaba
kamar mai miƙo ɗan tsakon da ya ƙi cin tsaba.

Ya ce, "Ladiyo, ta daina kirana.
Dā in Sallau ya rubuto daga jirgi
sai ta yi ƙil, kamar cokali a bakin kofin shayi.
Yau kwana sha tara ban ji ba."

Sallau na can bayan Duwala, a kan teku,
inda kira ba ya kaiwa.
Imel kaɗai ake ba su, shi ma da awo.

Na fara da inda kowa ke farawa:
kashe, kunna. Shiru.
Can sama ga jinjirin wata ya tsaya,
ba na azumi ba, ba na salla ba,
watan "kada a dame ni" ne,
aikin jika mai yatsa da maiƙon ƙosai.
Na sauke shi.

"Shi ke nan?"
Na ce, da sauran rina a kaba.

Mai tattalin batir, marowacin banza,
ya kulle akwatin saƙo a ɗaka,
ya hana shi ko leƙen ƙofa. Na sallame shi.
Kwanan watan wayar na zaune a bara,
na jawo shi zuwa yau.
Rumbu kuwa ya cika maƙil:
wa'azi arba'in, bikin suna uku,
dorinar Binuwai tana hamma har sau shida.
"Goge dorinar," in ji shi, "mun san juna."

Kalmar sirri fa?
Ya cire hula, ya zaro takarda daga naɗinta:
lambar tsohuwar motarsa ta ɗaukar auduga,
wadda ya tuƙa shekara ashirin da biyu.

Muka tsallaka shagon Yero mai kwamfuta
ko can za ta yi magana.
Muna zama wuta ta ɗauke.
Yero ya ja injin har gumi ya jiƙa masa riga,
allo ya buɗe ido, ya nuna mana
tallan inshora, tallan taki, gaisuwar banki.
Na tona har kwandon shara.
Babu sunan Sallau.

Muka dawo. Ban ce komai ba,
na aika masa kalma ɗaya daga tawa wayar.

Ƙil!

Tsoho ya miƙe tsaye, sanda ta faɗi,
mai kifi ma ya waiwayo.
Na ce, "Ni ce, Baba. Gwaji ne."
Ya zauna a hankali,
kamar buhun da aka zare wa ɗinki.

Ina shirin miƙa masa kayarsa
idona ya faɗa kan akwatin fita.
Wasiƙu bakwai a jere, duk nasa,
kowacce ta fara da "Ɗana, lafiya?"
Ko ɗaya ba ta bar Garwa ba.
Suna tsugune kamar fasinjojin da mota ta bari a tasha.

Ashe can ma wani na ƙirga kwana.

Na taɓa su, suka tashi ɗaya bayan ɗaya.
Baba ya bi su da ido har ta bakwai,
leɓensa na motsi.

Ya ajiye sefa ɗari biyar. Na mayar masa.
Ya sake ajiyewa, ya ɗora mata dutse.
"Ƙure mata murya," ya ce, "har ƙarshe.
In ta yi a masallaci, na ba liman haƙuri."

Bai tafi gida ba.
Yana kan bencina har la'asar,
wayar na kan gwiwarsa, fuskarta sama,
kuma duk cokalin da ya taɓa kofi wajen mai shayi
sai mu duba tare.